Ranar Da Gumsu Ta Toshe Hanci

Gumsu ta shimfiɗa darduma a ƙaramin zauren gidansu da ke unguwar Yerimaram a Potiskum, ta ajiye ruwan sanyi da kaskon turare a gefe, sannan ta koma can bakin ƙofa ta zauna kamar yadda ta saba. Tun daga sallamarsa ta san ba lafiya ba. Zainulabidin mutum ne da dariyarsa ke riga shi shigowa gida, yau kuwa ko ruwan bai kalla ba.

"Yaya Zainu, yaushe Kawu Maigandi zai zo wurin Baba?" Ta tambaya, idonta a kan lallen yatsunta.

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana jujjuya ta.

"Inna ta hana shi, Gumsu. Ta ce muddin tana numfashi, babu wanda zai tako ƙofar gidan nan da sunan nema mini aurenki."

Ta nemi abin faɗa, amma dama ita magana ba ta zuwar mata a lokacin da ake bukata.

"Ni ina waje tare da maza ranar sunan nan, ban gani ba," in ji shi. "Kowa da abin da yake gaya mini. Don Allah ki faɗa mini da bakinki, me ya faru?"

Abin da ya faru ba mai tsawo ba ne, sai dai tushensa ya daɗe. Gumsu ta haura ashirin da biyar, ta yi karatunta ta gama, kuma duk Potiskum babu amaryar da ake ji da ita da ba ta shafa humrarta ba. Amma da za ka tara masu sayen turarenta ka ce su nuna ta, da an ji kunya, domin ta waya take cinikinta, mai Keke ya kai kaya. Tsoron mutane gare ta. Da zarar ta shiga taro sai ƙirjinta ya kama dukan uku-uku, tafin hannunta ya jiƙe, harshe ya yi nauyi, ta ga kamar duk idon duniya a kanta yake. Tana ƙarama ana yabonta, ana cewa yarinya mai kunya. Da ta girma, bakunan da suka yabe ta su ne suka koma cewa miskila ce mai ji da kai. Mutane kenan.

Dabara ɗaya ta ƙirƙiro wa kanta. Takan ƙulla guntun itacen sandal da ya sha humra a ƙarshen mayafinta. In abin ya taso, sai ta kai ƙullin hanci ta shaƙa, ta ɗan dawo hayyacinta.

Ranar sunan 'yar yayarsa a Nangere, Zainulabidin ya roƙe ta ta je, ko mahaifiyarsa Inna Hawwa'u ta gan ta. Ta je. Tana sa ƙafa a tsakar gidan wata ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ga amaryar Zainu!" Mata suka juyo gaba ɗaya. Inna Hawwa'u da kanta ta taso daga gindin murhu, hannu biyu a buɗe, tana lale marhabin. Gwiwoyin Gumsu suka ƙi lanƙwasuwa, gaisuwar da ta yi ta maimaitawa a hanya ta ɓace mata ƙaf. Sai ta ja ƙarshen mayafi ta danna a hanci, ta tsaya ƙiƙam, daga nan ta juya ta fice.

Ita kuwa Inna Hawwa'u sana'arta daddawa. Gidan nan, ko bango ka shinshina daddawa za ka ji.

"Cewa ta yi kin toshe mata hanci," in ji Zainulabidin, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A gaban danginta, a gaban surukan yayata. Ta ce 'yar masu turare ta zo ta nuna wa duniya gidanmu wari yake."

Hawaye suka zubo wa Gumsu. "Wallahi tallahi, Yaya Zainu, ban ji warin komai ba. Ko wuta aka kunna a gidan ba zan ji ba. Numfashina ne ya tsaya. Ka san halina, kai kaɗai ka sani."

"Na sani. Na kuma gaya mata."

"Me ta ce?"

"Ta ce kare ki nake yi. Ta ce in yarinyar tana da baki, ai ta san hanyar Nangere."

Gumsu ta kifa kai a gwiwa tana kuka marar sauti. Ya bar ta ta yi mai isarta, shi ma idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ba zan iya tsallake maganar Inna ba," ya ce daga baya. "Da hannun nan nata ta yi ta nana daddawa har na zama malamin dabbobi. Ba zan kuma iya kallon wani ya ɗauke ki ba. Ni yanzu ko a kara nake ina duba shanu, sai in tsinci kaina riƙe da allura na manta wace saniya zan yi wa."

"To ni yaya zan yi? Ka ce in koma gidan nan? Ko tunawa na yi da tsakar gidan sai in ji jiri."

"Ban ce ba. Ba zan taɓa matsa miki ba." Ya mayar da hularsa, ya miƙe a sanyaye. "Na dai gaya miki inda maganar ta tsaya."

*

Wanda ake wa laƙabi da wani ɗin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Babagana ne, ɗan aminin mahaifinta, mai lodin shanu a tirela zuwa kudu. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Hannunsa a sake yake, fuskarsa ma haka. Aibinsa ɗaya a wurin Gumsu, shi bai san yadda ake zuwa zance mutum ɗaya ba. Sai ya ciko mota da abokai, su baje a zaure suna shewa suna ce mata, "Amarya, ki ce wani abu mana!" Ita kuwa ta zauna kamar an dasa ta, tana addu'ar a kira magariba. Shi a ganinsa wannan shirun nata tarbiyya ce, har yabonta yake a kasuwa.

Bayan kwana biyu mahaifinta, Baba Zarami, ya kira ta ɗakinsa.

"Ni ba zan yi miki dole ba, kin sani," ya ce yana jan carbi. "Amma ba zan kai 'yata gidan da uwar miji ta rantse a kanta ba. Mutanen Babagana sun nemi zuwa Juma'ar ƙarshen wata. In yaron nan bai turo ba kafin nan, me kike so in ce musu?"

Amsar tana nan a ƙirjinta, cikakkiya, amma ta ƙi hawowa. Ta yi ta murza gefen zane. Baba ya jira, ya jira, sannan ya gyaɗa kai ya ce ta tashi ta tafi, Allah ya yi mata albarka. Tana fita ta gane abin da ta yi. A wurin Baba, kamar sauran iyaye, in aka tambayi budurwa zancen aure ta yi shiru, to ta amince kenan.

Mama ba ta sa baki a lamarinta, saboda Gumsu 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kira. Iyakar abin da ta ce, daga bayan labule, shi ne a nemo malami ya yi wa yarinyar nan ruƙiyya, wannan abu ba ya rasa iska. Don haka Gumsu ta nufi sashen Kaka Ummul-Khair, wadda ta raine ta tun yaye, ta kuma koya mata haɗa turare.

Ta same ta tana soya itacen hawi da sukari a tukunya, hayaƙi ya cika rumfar. Gumsu ta zube kusa da ita ta kwashe komai ta faɗa, tana yi tana shessheƙa. Kaka ba ta daina juya tukunya ba.

"Iska!" in ji tsohuwar, ta taɓe baki. "Wace iska ce za ta zauna a gidan da ake turare safe da yamma? Zuciyarki ce mai saurin firgita, jikata. Wasu da ita ake haifarsu. Miƙo mini wancan fulas ɗin."

Gumsu ta miƙa. Kaka ta buɗe ta shinshina, baƙin shayi ne mai kauri wanda Gumsu ke wuni tana kurɓa in tana aiki. Ba ta yi shawara da kowa ba ta tuttular da shi a magudana.

"Kaka!"

"Ki wuni kina zuba wa cikinki wannan, ba abinci, ba barcin kirki sai latsa waya, sannan ki ce ƙirjinki na bugawa? Ko ni na sha wannan sai na ga mutum ɗaya ya zama goma. Daga yau na'ana'a za ki dafa. Kuma kullum in gari ya waye ki raka ni gidan ƙanwata da ƙafa, ki ga rana ta gan ki."

Ta sauke tukunyar, ta jawo kwanon kokon da ta rage, wanda har yanzu yake tururi, ta miƙa mata.

"Hura."

Gumsu ta hura da sauri.

"Ba haka ba, za ki watsa mini a ido. Ja iska ta hanci a hankali, ta sauka har cibiya. Yawwa. To sake ta ta baki, siririya, doguwa, yadda kokon zai huce bai zube ba. Sake yi."

Ta yi ta yi. Tun tana jin abin wauta ne har ta ji kafaɗunta sun sauko, shessheƙar ta tsaya.

"Kin gani? Wannan babu mai ganin kina yinsa, babu kuma wanda zai ce kin toshe masa hanci." Kaka ta kama ƙarshen mayafin Gumsu ta taɓa ƙullin sandal ɗin. "Wannan ya yi miki rana, ban ce bai yi ba. Amma fuskarki yake rufewa, mutane kuwa fuska suke karantawa. In ƙamshin kike so, shafa a wuyan hannu."

"Kaka, ko na yi duk wannan ba zan iya zuwa Nangere ba."

"Wa ya ce Nangere? Kajijin haɗa turarena ya ƙare. Gobe ke za ki sayo mini a kasuwa, ba aike ba."

*

Ranar farko ta hau Keke daga Yerimaram, suka isa bakin kasuwa, ta ga kan mutane kamar an zazzage buhu, ta ce wa mai Keken ya juya. Ta dawo tana jiran faɗa. Kaka ta yi dariya har da tafa hannu.

"To ai kin ga bakin kasuwar. Shekaranjiya ko ƙofar gida ba ki kai ba. Gobe ki sauka."

Washegari ta sauka. Ta tsaya jikin wata rumfa tana hura kokon da babu shi, har bugun ƙirjinta ya lafa. Dama Kaka ta ce mata kada ta kalli taro, taro ba shi da fuska, ta zaɓi mutum ɗaya ta nufe shi. Ta zaɓi wani dattijo mai kayan ƙamshi. Allah da ikonsa, kunnensa ya yi nauyi. Ta ce kajiji, ya ce me? Ta sake faɗa, ya miƙo mata kanumfari. Sai da ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi a waje ba, sannan ya gane. Ta waiga a tsorace, tana zaton duk layin sun tsaya kallonta. Mai tattasai na faɗa da mai baro, wata mata na ciniki tana rantse-rantse. Ko kare bai ɗaga kai ba. Abin har ya ɗan ba ta haushi, shekara da shekaru tana ɓuya daga mutanen da ba su ma san tana yi ba.

Ba kullum ake nasara ba. Akwai ranar da ta je gaisuwar rasuwa a maƙwabta, ta kai tsakar gida, ta ga mata jere a tabarmi, ta koma da baya ta shige ɗaki ta yi kuka. Kaka ta bar ta ta huce, da yamma ta riƙe hannunta suka koma tare. Suna shiga tsohuwar ta tura ta wurin masu wanke kwanuka.

"In baki ya ƙi, ba hannu aiki," ta raɗa mata. "Bakin zai biyo baya."

Haka kuwa aka yi. Tana cikin ɗauraye kwanuka ta tsinci kanta tana amsa wa wata mata tambaya a kan yadda ake jiƙa farcen turare.

Zainulabidin yana kira kullum bayan la'asar, ba ya tambayar komai sai lafiyarta. Ita ma ba ta gaya masa abin da take shiryawa ba, don kada ya sa rai ta ba shi kunya. Kwanaki suka yi ta tafiya, babu wani motsi daga Nangere. Ranar Laraba ta makon ƙarshe, ta idar da sallar asuba ta daɗe a kan darduma, sannan ta je ta tsaya a ƙofar Kaka.

"Gobe zan je."

Kaka ta dube ta sama da ƙasa. "Tsoron ya tafi?"

"Yana nan."

"To ku tafi tare. Ki yi sammako, ki riga jama'a, su same ki a zaune. Kuma kada ki tsaya neman magana mai daɗi. Ki ce mata tsoro kike ji, shi kenan."

*

Sammakon bai yi amfani ba. Masu daddawa sun riga kowa tashi. Tun daga zaure Gumsu ta jiyo lugude, da ta leƙa kuwa ta ga mata sun kewaye turmi suna surfa kalwa, wasu na wanki a manyan robobi. Yau kam ta ji warin, mai kauri, har maƙogwaro. Hannunta ya tashi da kansa zai nufi ƙarshen mayafi. Ta kama shi da ɗayan ta riƙe gam.

Ta yi sallama. Taɓarya ta tsaya a sama.

Inna Hawwa'u tana zaune a kujera 'yar tsugune, faranti a cinya tana tsince kalwa. Doguwa ce, baƙa, mai ƙarfin kafaɗa, Hausarta da ɗan karin harshen Karekare. Ta ɗago ta kalli baƙuwar, ta mayar da kai.

"Wa nake gani? Ku ba ta hanya, kada warinmu ya kama mata kaya."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya. Tsakar gidan ta fara juya wa Gumsu. Ta ja iska ta hanci, warin da komai, ta sake ta a hankali. Ta cire idonta daga kan matan ta ɗora a kan Inna ita kaɗai, ta taka har gabanta ta durƙusa gwiwa biyu a ƙasa mai laima.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya."

Daga nan maganar ta maƙale. Sai ta ga wani faranti a gefe cike da kalwar da ba a tsince ba. Ta jawo shi, ta naɗe hannun riga ta sa yatsunta masu lalle a ciki. Ba ta iya ba, tana zubar da mai kyau tana barin ɓawo.

"Ba haka ake yi ba," in ji Inna a fusace. "Baƙin za ki fitar, ki bar farin. Ɓarna kika zo yi mini?"

"To, Inna."

Ta gyara. Hannu na tafiya, ido na kan faranti, sai maganar ta fara fitowa, tana rawa amma tana fitowa.

"Inna, ni matsoraciya ce. Tun ina yarinya. In na ga mutane da yawa numfashina tsayawa yake, ba na gani, ba na ji. Ranar nan da kika taso kina mini lale, so nake in durƙusa, ƙafata ta ƙi. Ba warin gidanki na toshe wa hanci ba. Wannan nake shaƙa don kada in faɗi."

Ta kwance ƙullin mayafin ta miƙa da hannu biyu. Inna ta goge hannu a zane, ta karɓa ta shinshina, ta juya guntun itacen.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne, Inna. Ki tambayi duk wanda ya san ni, ko a bikin gidanmu haka nake yi. Na yi miki laifi a gaban mutane, shi ya sa na zo ba ki haƙuri a gaban mutane. Ki yafe mini don Allah." Hawaye suka ɗiga cikin farantin, ta yi saurin kawar da kai.

Inna Hawwa'u ta zuba mata ido. Da ta buɗe baki, faɗan ya fita daga muryarta, saura ciwo.

"Kin san me ya sa abin ya tsaya mini? Zainu yana firamare, yara suka sa masa ɗan mai daddawa. In ya zauna a benci sai su matsa, su toshe hanci. Ya dawo yana kuka, in wanke masa riga da sabulu har ta koɗe, gobe su sake. Ban daina sana'ata ba, don da ita zai ci, da ita zai yi karatu. To ranar nan da na ga matar da ya zaɓa da kansa ta tsaya a tsakar gidana ta yi irin abin da yaran nan suke yi, sai na ce ashe har yanzu ba a gama ba."

Gumsu ta fashe da kuka sosai. "Ban sani ba, Inna. Wallahi bai taɓa gaya mini ba."

"Ba zai faɗa ba."

Matan sun koma surfe, amma a hankali, kowacce kunnenta na nan. Inna ta ajiye sandal ɗin a gefen kujerarta.

"Na ji, tsoro kike ji. To gidan nan ba ya rabo da jama'a. Yau suna, gobe biki, jibi masu sari. Ranar da na mutu ma nan za a cika. Duk ranar da aka taru sai ki ja mayafi ki gudu, ki bar mini ɗa yana ba mutane haƙuri?"

"Ba zan ce miki zai bar ni ba, Inna, kada in yi miki ƙarya. Yanzu haka ina jinsa, dubi hannuna." Ta ɗaga shi, yana karkarwa, kalwa manne a yatsu. "Amma ga ni a zaune."

Inna ta kalli hannun, ta kalli fuskar. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai tura mata wani farantin da ƙafa.

Har azahar Gumsu na gidan. Ta tsince, ta ɗebo ruwa, ta taya juye dafaffiyar kalwa a kwando aka lulluɓe. Wata ta tsokane ta cewa yau humra ta gamu da gamonta, ta yi murmushi, har ta ba da amsa. Da ta yi sallah ta zo sallama, Inna ta ƙulle daddawa a leda ta miƙa mata.

"Ki kai wa kakarki."

Gumsu ta tsaya, tana so ta ji ko da kalma ɗaya a kan Kawu Maigandi. Gobe ce Juma'ar.

"Na ji maganarki," in ji Inna, ta juya wurin murhu. "Je ki gida."

*

A hanya ta yi ta juya maganar, ta rasa ko alheri ce ko sallama. Ta kira Zainulabidin, wayar ba ta shiga ba. Ta gaji liƙis, amma wata irin natsuwa ta sauko mata, irin ta wanda ya sauke tulu daga ka.

Keke na shan kwanar layinsu ta hango motoci a ƙofar gida. Ta gane farar motar Babagana tun daga nesa. Takalman maza sun cika bakin babban zaure, ƙamshin shayi da muryoyin dattawa na fitowa. Ta bi ta ƙaramar ƙofa ta shiga.

Kaka ta tare ta a tsakar gida, ta karɓi ledar ba ta ko duba ba.

"Baffan Babagana zai yi tafiya gobe, shi ne suka zo yau. Ubanki yana nemanki tun ɗazu."

Kafin ta yi wani tunani Baba Zarami ya ɗaga labulen da ya raba zaure da cikin gida, ya fito ya sake shi a bayansa. Labulen yadi ne kawai, ko tari aka yi a nan sai an ji a can. Ya dubi zanenta da ya ɓaci da laka, ya ɗan motsa hanci, bai tambaya ba.

Ta durƙusa.

"Mutanen nan sun zo," ya ce a hankali. "Na ce musu sai na ji daga gare ki. Na san ki da kunya, ba sai kin wahalar da kanki ba. In kin yi shiru na gane."

Ƙirjinta ya ɗauka. Kunnuwanta suka fara shuu, ta ji maganar tana komawa inda ta saba ɓuya. Ba ta da wani alkawari daga Nangere, ba ta san ko Kawu Maigandi zai zo gobe ko ba zai taɓa zuwa ba. Shiru shi ne mafi sauƙi, minti ɗaya ya isa, a shafa fatiha a raba goro. Ta dafa ƙasa da tafin hannu biyu. Ta ja iska har cibiya, ta sake ta siririya.

"Baba, ban amince ba."

Ya sunkuyo. "Me kika ce?"

Ta ɗago ta dubi fuskarsa, abin da rabonta da yi tun tana 'yar firamare.

"Ban amince ba, Baba. Ya Babagana mutumin kirki ne, amma ba shi nake so ba. Zainulabidin nake so."

Hirar zaure ta ɗauke ɗif. Aka ji wani ya ajiye kofin shayi a faranti. Mama, da ke bakin ƙofar ɗakinta, ta dafe baki.

Baba Zarami ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ba fushi a fuskarsa, sai mamaki, da wani abu mai kama da tausayi.

"Ko da bai turo ba?"

"Ko da bai turo ba, Baba."

Hawaye na zuba, amma ba ta tashi ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Baba ya sa carbinsa a aljihu, ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga labule ya koma wurin baƙinsa. Daga inda take durƙushe ta ji ya yi gyaran murya.

"Alhaji, sai dai ku yi haƙuri," in ji shi. "Yarinya ta yi magana."